Aikin Dogon Hutu: Shirin da Matashi Zai Yi Kafin Ya Fita Nema

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau da samari da 'yan mata zan yi magana, 'yan shekara 15 zuwa 19, amma ina roƙon iyaye su matso kusa, kuma Alhajin da ke zaune a shago yana jinmu ya ɗan ƙara murya, don akwai rabonsa a gaba.

Dogon hutu ya ƙarato. Yawancin makarantunmu suna rufewa a ƙarshen Yuli, sai cikin Satumba a koma, wato mako shida ko bakwai. Waɗanda suka gama WAEC da NECO nasu hutun ya fi haka nisa, don sai sun jira sakamako, sannan su jira gurbin karatu. A tsakanin nan ne za ka ji yaro yana cewa, "Ni dai aiki nake nema, ko wane iri ne." Niyyar mai kyau ce, kuma ina jinjina wa duk yaron da ya ƙi zaman majalisa ya ce zai nemi na kansa. Amma fita ba shiri takan sa a yi wata biyu ana shan wahala, a tashi ba kuɗi, ba sana'a, wani lokaci har da ɓacin suna.

Don haka, ƙanena, kafin ka sa takalmi, zauna ka tambayi kanka abin da kake so ya kasance a hannunka ranar da za a koma makaranta. Kuɗi ne ko sana'a? Ba safai ake samun biyun a wuri ɗaya ba. Mai neman kuɗi, hutun ya faɗo masa a tsakiyar damina, lokacin da gona ke neman hannu: ga maimai, ga zuba taki, ga aikin shinkafa a Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma ɗan ƙwadagon gona ranar da ya yi aiki ake sallamarsa. A birni akwai tsaron shago, da zaman POS, da leburanci a wurin gini, da koya wa ƙananan yara karatu a gida. Mai neman sana'a kuwa gareji zai nufa, ko wurin mai walda, ko kafinta, ko tela, ko masu gyaran waya na Farm Centre, ko masu haɗa sola. A can babu albashi. Na abinci za ka samu, wata rana na sabulu in aiki ya yi kyau, wani ogan ma sai an biya shi kuɗin koyo.

In ka tambaye ni, matuƙar gidanku na iya ɗauke maka abinci da kuɗin mota, ɗauki sana'a. Mako shida ba ya mai da mutum tela, wannan gaskiya ne. Amma yaron da ya fara a hutun aji uku na ƙaramar sakandare, ya riƙa komawa wurin oga ɗaya duk hutu da duk Asabar, kafin ya rubuta WAEC hannunsa ya faɗa, kuma ranar da ya shiga jami'a ko kwalejin ilimi, keken ɗinkinsa ne zai ciyar da shi. In kuwa gida na jiran abin da za ka kawo, ko kuɗin rajistar jarrabawa kake tarawa, to nemi kuɗin kai tsaye, babu abin kunya a ciki. Abin da ba na so shi ne ka je wurin koyo da niyyar albashi, bayan kwana goma ka fara ƙunƙuni cewa oga marowaci ne, alhali kai ne ba ka tantance abin da ya kai ka ba.

To, ka tsai da shawara. Wasu za su ce sai ka rubuta takardar neman aiki. Tana da wurinta, za mu zo kanta. Amma mu faɗi gaskiyar kasuwarmu: Alhajin Kantin Kwari ko Singa ko Ƙofar Wambai tambayarsa biyu ce. "Ɗan gidan wa ne?" da "Wa ya tsaya masa?" Kuma yana da hujja. Mutumin da zai bar maka aljihun tebur da kayan miliyoyi ya tafi masallaci dole ya san ƙofar da zai buga in wani abu ya faru. Saboda haka babban shirinka shi ne neman wanda zai tsaya maka, kawunka ne, ko malamin Islamiyyarku, ko limamin unguwa, ko mai unguwa, ko maƙwabcin da ke fita kasuwar. Ka same shi tun makaranta ba ta rufe ba, ka durƙusa ka gaishe shi, ka faɗa masa abin da ke tafe da kai dalla-dalla. Kada ka ce, "Kawu, a ɗan samo min wani abu." Ka ce, "Kawu, gyaran waya nake son koyo, daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Satumba, in da wanda ka yarda da shi." Ka ga ka ba shi maganar da zai iya ɗauka ya kai wa wani.

Ka kuma sani, wanda zai tsaya maka mutuncinsa yake jinginarwa, ba zai yi ba sai ya ga alama. Alamar kuwa ta daɗe da fita. Ya san lokacin da kake tashi daga barci. Ya san ko ana aikenka ka dawo da canji cif. Ya san majalisar da kake zama da waɗanda kuke yawo bayan isha'i. Yanzu har abin da kake ɗorawa a TikTok da Facebook ana gani, kuma ɗan Alhajin da kake neman aiki a wurinsa yana iya nuna wa babansa. In akwai abin da ba za ka so ya gani ba, goge shi yau, ka kuma daina. Wanda ya san ya yi sakaci a baya kada ya yanke ƙauna. Canjin hali na gaske ba ya ɓuya a unguwa.

Takardun ba su da yawa: takardar haihuwa, lambar NIN wadda dama JAMB ba ta rajista sai da ita, hoton fasfo biyu ko uku, da katin makaranta ko shaidar kammalawa. Ka tafi da kwafinsu, na asali su zauna a gida, kuma kada ka yarda kowa ya riƙe maka na asali da sunan jingina. Inda ake son rubutacciyar takarda, kamar makarantar da ke lesin hutu, ko babban kanti, ko shagon kwamfuta, shafi ɗaya ya isa: sunanka, unguwarku, ajinka, abin da ka iya, ranakun da kake da su, da sunayen manya biyu da ka riga ka nemi izininsu. Kada ki ce ba ki taɓa yin komai ba, ƙanwata. Wadda ta shekara uku tana riƙe wa mahaifiyarta lissafin ƙosai ko na adashe ta iya aiki. Wanda ke biya wa ƙananan yara hadda a Islamiyya ya iya aiki. A rubuta. Abin da ba a iya ba kuma kada a ce an iya, don yinin farko zai tona.

Akwai shirin da kusan kowa ke tsallakewa, wato gwada kai a gida. Shagon yadi za ka je? Ka san turmin atamfa yadi shida ne, ka iya awo, ka iya ninke shadda ba ta yamutse ba. Kayan masarufi ne? Ka san dozin, ka san abin da ke cikin katan, ka iya fitar da kuɗin ɗaya daga kuɗin sari. Sa ƙaninka ya zama mai saye, ya ɗauki kayan naira 3,650 ya ba ka 5,000, ka fitar masa da 1,350 ba ka taɓa waya ba. Mai zuwa gareji ya san lambobin sifana, don aikin sabon yaro a makon farko bai wuce "miƙo min sha biyu, miƙo min sha huɗu" ba. Mai zaman POS ya haddace abu ɗaya kafin komai: ba a miƙa kuɗi don wani ya nuna maka saƙo a wayarsa, sai ka ga sun shigo a naka ɓangaren. Alat ɗin bogi guda ɗaya yana iya cinye albashin wata.

Ranar zuwa, wanka da kaya masu tsabta sun isa, ba sai na kwalliya ba. Ka je da hantsi, bayan an buɗe an share, kafin kasuwa ta cika. Waya ta zauna a aljihu. In an ce babu, ka yi godiya, ka tambaya ko ya san wani mai nema.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, yanzu mun zo inda na fi so a kasa kunne. An ce maka, "To, ka zo gobe ka fara." Murna ta kama ka, ka ce, "Na gode, Alhaji," ka juya. Nawa za a biya ka? Ba ka sani ba. Yaushe? Ba ka sani ba. Nauyi ya hana ka tambaya, wanda ya kai ka shi ma ya ce, "Ai Alhaji mutumin kirki ne, ba zai cuce ka ba." Mai yiwuwa kuwa ba zai cuce ka ba. Amma shi a ransa koyon kasuwa ya ɗauke ka, yana ganin abincin ranar da yake ba ka ya wadatar, kai kuma kana ta ƙirga albashi. Ƙarshen wata kowa ya ga an zalunce shi, gidaje biyu da ke mutunci su daina gaisawa. Galibin rigimar aikin hutu daga nan take tasowa, daga maganar da ba a yi ba ranar farko.

Tun ran gini, tun ran zane. Addininmu ma bai bar wa kunya wannan al'amari ba. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, ba a ƙulla ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, sai ladan ya zama sananne, aikin ko wa'adinsa shi ma sananne. Mai tambayar "nawa ne?" sharaɗi yake cikawa. In ba za ka iya haɗa ido da babba ka yi maganar kuɗi ba, na fahimta, haka aka tarbiyyantar da mu. To wannan aikin wanda ya tsaya maka ne. Ka roƙe shi ya tambaya a gabanka: kuɗin na yini ne, na mako ne, na wata ne, jinga ce ko kamasho? Abinci da kuɗin mota a wuyan wa suke? Ƙarfe nawa ake zuwa, ƙarfe nawa ake tashi, kuma za a bar ka ka je Islamiyya? In kun dawo gida, ka rubuta amsoshin a littafi da kwanan wata, ka nuna wa mahaifinka.

Sai tambayar da ta fi zafi: in aka samu giɓi, wa zai biya? A shago da POS wannan ita ce ke sa yara kuka. Maganinta ƙirga. Ranar da ka fara, ka nemi a ƙirga kaya da kuɗi a gabanka, a rubuta. Duk safiya ka ƙirga abin da aka damƙa maka, duk yamma ka ƙirga abin da ka mayar. Kada ka ba da bashi ba da izini ba, ko ga yayanka ne. Kada abokanka su mai da shagon majalisa, kada kuma ka ranci ko naira 100 daga aljihun tebur da niyyar mayarwa gobe. Na shiga ban ɗauka ba, ba ta fid da ɓarawo, amma littafin da aka rubuta kullum yana fid da mai gaskiya.

Ka yi lissafi kuma kafin ka amsa. A ce wani wuri mai nisa zai ba ka naira 2,000 a yini. Adaidaita sahu zuwa da dawowa ta ci 800, abinci 700, saura 500. A kwana 36 na aiki ka tashi da 18,000. Wani kuma a bakin layinku ya ce 1,200 zai bayar, da ƙafa za ka je, a gida za ka ci. A kwana 36 ɗin ka tashi da 43,200. Misali ne kawai na kawo, kai ka sa farashin garinku. Kada kuma ka shiga kasuwa kana ambaton mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, don dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka aikin kamasho da na wucin gadi.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne ranar tafiya, kuma a wurina ya fi kuɗin muhimmanci. Ka faɗa tun farko: "Ranar kaza za a koma makaranta, mako ɗaya kafin nan zan tsaya." Na damu da wannan ƙwarai, don mun sha ganin yaro mai ƙoƙari ya ɗanɗana kuɗi, makon farko na komawa ya ce bari ya ƙarasa wata, wata ya zama zango, daga nan makaranta ta fita daga ransa. Shi ma maigida, in ya samu yaro mai amana, ba ya son saki. Ranar da aka faɗa a gaban shaida tana taimakon kowa.

Akwai kuma aikin da ba a karɓa ko nawa za a biya. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 59, ta hana ɗaukar ɗan ƙasa da shekara 15 aiki a masana'anta, kuma aikin gini da fasa dutse suna cikin abin da take nufi. Ɗan ƙasa da 16 ba ya aiki a ƙarƙashin ƙasa ko a kan inji, ba ya wuce awa huɗu a jere ba hutawa, ba ya wuce awa takwas a yini. Sashe na 60 ya hana ɗan ƙasa da 18 aikin dare, in ban da wasu 'yan masana'antu da aka ware ga wanda ya haura 16. Na san a kasuwa ba kowa ke duba wannan ba, amma dokar ba a banza aka yi ta ba. Ku tuna da Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga sarrafa dutsen zinariya ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yawancinsu ƙanana ne da ba su taɓa shiga rami ba. Dutsen da ake kawowa gida ana niƙawa, ƙurarsa ce ta same su. Haka feshin maganin ciyawa a gona: in ba takunkumi, ba safar hannu, ba takalmi, kada ka goya tankin nan. Mai koyon walda kuma ya tambayi gilashin kare ido kafin ya tambayi komai.

'Yan mata, ku da iyayenku nake so ku ji wannan tare. Ɗinki, kitso, ƙunshi, haɗa turare, girkin sayarwa, koyarwa, aikin kwamfuta, duk ƙofofi ne masu kyau, kuma da yawansu a cikin unguwa suke, a hannun matan da aka sani. Amma duk matar da ta zo ta ce za ta kai yarinya aikatau Abuja ko Legas, ita ce za ta riƙa karɓar albashin tana aiko wa gida, ba a san gidan ba, ba a san mai gidan ba, a ce mata a'a. Irin wannan hanya ce hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 don yaƙi da safarar mutane, take bibiya, kuma dokarta ta 2015 ta mai da ɗaukar ɗan ƙasa da shekara 12 aikin gida laifi. Ko a cikin gari ne, uwa ko yaya ta je ta ga wurin da idonta. Kuma ƙanwata, ranar da wani a wurin aiki ya fara miki maganar da ba ta aiki ba, ko ya ce ki tsaya bayan kowa ya tashi, ki faɗa a gida a ranar. Ba laifinki ba ne, kuma ba aikin da ya kai mutuncinki.

Tayin aiki ta waya ma sai an yi hattara. Saƙon WhatsApp da ke cewa ana ɗaukar ma'aikata amma sai ka biya kuɗin fom, damfara ce. Wanda ya nemi lambar BVN ko lambar sirrin da banki ya turo, ɗan damfara ne. Wanda ya ce ka ba shi aron asusun banki a turo kuɗi ya ba ka kaso, ka sani ranar da bincike ya tashi sunan mai asusun za a fara gani.

Iyayenmu, don Allah kada ku tsaya a "Allah ya ba da sa'a" kawai. Baba, ka taka ka je ka ga inda ɗanka zai yini, ka gaisa da maigidan, ka yi maganar kuɗin da yaron ba zai iya yi ba. Dokar Ƙwadago ta ba ka iko: in ɗanka bai kai 16 ba, ka ce ba ka yarda ba, ko da baki ne, mai aiki ba shi da damar ci gaba da riƙe shi. Hajiya, in ya kawo kuɗin, ku zauna tare ku ware na littattafai da na rajista kafin waya da takalmi su cinye, kuma ki bar masa wani abu a hannu ya ji daɗin guminsa.

Ku kuma masu shaguna da gareji da ɗakunan ɗinki, yaran nan za su fara zuwa muku da sallama nan da 'yan kwanaki, muryarsu na rawa. Wanda ba ka da wurinsa, ka sallame shi da kyakkyawar magana. Wanda ka ɗauka, kada ka jira ya tambaya, kai ka fara faɗa masa abin da za ka ba shi da ranar da za ka ba shi. Ka koya masa aikin da gaske, kada ya ƙare a sayo abinci da share shago. Ranar da aka koma makaranta kuma, ko da kai ne za ka rasa mataimaki, ka cika masa haƙƙinsa ka ce ya tafi aji.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.